Kundayen da Aka Kusa Zubarwa a Bola

A watan Oktoba na 2017 wutar daji ta afka wa garin Santa Rosa da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Cikin abin da ta lashe har da wasu gine-gine a harabar kamfanin Keysight, inda aka adana akwatuna sama da 100 na wasiƙu da rubuce-rubucen William Hewlett da David Packard. Su ne suka kafa Hewlett-Packard a 1939 cikin wani garejin mota a Palo Alto, kuma ba da kwamfuta suka fara ba kamar yadda da yawa ke zato. Na'urarsu ta farko, mai lamba 200A, ta gwajin kayan sauti ce. Kamfanin Walt Disney ma ya sayi takwas daga ƙanwarta, 200B, lokacin shirya fim ɗin Fantasia.

Waɗancan takardun sun tafi ke nan. Abin da ya rage na wannan tarihi, kaso mai tsoka yana cikin littattafan da ba a ɗauke su a bakin komai ba: kundayen tallar kaya da littattafan gyara.

Kamfanoni irin su General Radio, da aka kafa a 1915, da Tektronix, da aka kafa a 1946 a birnin Portland, sukan buga kundi mai ɗauke da hoton kowace na'ura, da iyakar abin da take iya aunawa, da farashinta. Sabo na fitowa, sai a jefar da tsohon. Amma wanda ya jera su shekara bayan shekara zai ga da idonsa yadda kwalbar lantarki ta ba tiranzista wuri, da yadda allura mai kaɗawa ta koma lambobi masu haske. Littafin gyara kuwa ya fi haka daraja, domin yana ɗauke da taswirar wayoyin cikin na'ura. Duk mai gyaran rediyo ya san wahalar laluben cikin akwatin da ba shi da taswirarsa.

A watan Agusta na 2015, wani kamfanin sayar da irin waɗannan littattafai mai suna Manuals Plus, a Finksburg ta jihar Maryland, ya tashi rufewa, kayansa kuma bola za su nufa. Jason Scott, ma'aikacin taskar Internet Archive, ya yi shela. 'Yan sa-kai suka taru, cikin 'yan kwanaki suka tsame kwafi guda daga kowane littafi, suka cika akwatuna da dubun-dubatarsu.

Ceto ya fi ɗaukar hoto sauƙi. Akwatunan sun yi shekaru a ɗakin ajiya kafin aikin mayar da su kwamfuta ya kankama. Shafi na yau da kullum inji na iya zuƙe shi cikin ƙiftawar ido, amma taswirar doguwa ce, an naɗe ta ninki uku ko huɗu. Dole mutum ya warware ta da hannu, ya shimfiɗa, ya ɗauki hoto mai kaifin da za a iya karanta ƙananan lambobin da ke jikin kowane layi. Lamba ɗaya ta dushe, mai gyara zai saka abin da ba shi ba ne.