Ciwon sha-raɓa: yaushe ne gajiya, yaushe ne hatsari?

Ciwon sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙwauri tsakanin gwiwa da idon sawu, yana daga cikin larurorin da jama'a ba su cika kai wa asibiti ba. Akan ce gajiya ce ko sanyi, a shafa man zafi, a yi tausa, a kwanta.

Sau da yawa kuwa gajiyar ce. To amma binciken likitoci ya nuna cewa ko da yake wuri ɗaya ne ke ciwo, dalilan sun bambanta, kuma abin da ke sauƙaƙa wa wani yana iya jefa wani cikin hatsari.

A Kano, idan irin wannan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, galibi yakan kai mai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, daura da unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a ƙaramar hukumar Tarauni, wanda aka kafa a 1988, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala.

Wace jijiya ce ke ciwo?

Idan Bahaushe ya ce jijiya ce ke damunsa, ya haɗa abubuwa huɗu a kalma guda. Akwai jijiyar da ke kawo jini daga zuciya zuwa ƙafa, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke ɗauko saƙo daga laka, sannan ga agara wadda ta haɗa tsoka da diddige.

Aikin likita na farko shi ne ya tantance wacce daga cikinsu ta samu matsala, domin kowacce da gwajinta da kuma maganinta.

Gudan jini

Wanda likitoci suka fi tsoro shi ne daskarewar jini a cikin manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ƙafa ɗaya takan kumbura, ta yi zafi, ta yi nauyi. Idan gudan jinin ya ɓalle ya bi jini ya toshe hanyoyin huhu, mutum yana iya mutuwa farat ɗaya. Shi ya sa ake hana tausa a kan ƙafar da ta kumbura ita kaɗai.

Dalilan da ke haddasa shi uku ne, waɗanda ake dangantawa da likitan nan na Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow: jini ya daina gudu yadda ya kamata, ko jijiyar ta ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

Waɗanda suka fi fuskantar wannan hatsari sun haɗa da masu juna biyu da masu jego, musamman a makonni shida na farko bayan haihuwa, da waɗanda aka yi wa tiyata, da masu karaya, da masu cutar daji, da masu amosanin jini, da duk wanda jinya ta kwantar.

Doguwar tafiya ma tana ciki. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama wuri guda a jirgi ko mota na sa'o'i huɗu ko fiye yana ninka hatsarin kusan sau biyu, ko da yake wanda abin kan shafa bai wuce kimanin mutum ɗaya cikin 6,000 ba. Wannan ya shafi maniyyata aikin Hajji da fataken da ke kwana a mota tsakanin Kano da Legas.

Yadda ake gano shi

A da likita yakan lanƙwasa tafin ƙafar majinyaci zuwa sama, idan sha-raɓar ta yi zafi sai a ce gudan jini ne. Wannan dabara, wadda ake kira da sunan likitan Amurka John Homans tun shekarun 1940, bincike ya nuna cewa ba abar dogaro ba ce.

A 1997 wani likita a Kanada, Philip Wells, da abokan aikinsa suka wallafa wani ma'auni na ba da maki. Ana tambaya ko majinyacin ya yi kwanciyar jinya ta kwana uku ko fiye, ko an yi masa babbar tiyata kwanan nan, ko yana da cutar daji. Sannan a auna kaurin sha-raɓar biyu da igiyar awo, a ga ko ɗaya ta fi ɗayar da fiye da santimita 3.

Idan makin ya yi ƙasa, akan yi wani gwajin jini mai suna di-daima. In sakamakonsa ya fito daidai, da wuya a ce akwai gudan jini. Sai dai gwajin yakan hau ga masu juna biyu da masu amosanin jini da masu zazzaɓi ko da babu gudan jini, don haka hawansa kaɗai ba hujja ba ce.

Wanda ke raba gardama shi ne hoton Doppler, da ake ɗauka da na'ura irin wadda ake duba cikin masu juna biyu da ita. Ana danna jijiyar da kan na'urar. Lafiyayyar jijiya takan lotsa, mai gudan jini kuwa ba ta lotsawa. A 2017 likitocin sashen hoto na asibitin Malam Aminu Kano sun wallafa nazari a kan majinyata 170 da aka yi wa wannan hoto saboda kumburin gaɓɓai.

Magani

Maganin shi ne magungunan da ke hana jini daskarewa, kuma akan sha su na aƙalla watanni uku. Allurar hefarin da ƙwayar warfarin, wadda aka soma ba mutane a 1954, su ne na asali. Warfarin tana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ba a ba mai juna biyu ita, sai dai allura.

Tun daga 2008 aka samu sababbin ƙwayoyi irin su Xarelto waɗanda ba sa buƙatar yawan gwaji, amma tsadarsu ta sa ba kowa ke iya saye ba.

Bincike ya kuma rushe wasu tsofaffin al'adun asibiti. An gano cewa wanda ya soma shan magani ba ya buƙatar doguwar kwanciya, takawa ba ta ƙara masa hatsari. Haka nan wani gwaji da aka yi a Kanada da Amurka, aka wallafa a 2014, bai ga cewa safar nan mai matse ƙafa tana hana kumburi da ciwon da kan biyo baya ba.

Ciwon da ke zuwa da tafiya

Akwai kuma wanda sha-raɓarsa ke ƙullewa idan ya yi 'yar tafiya, in ya tsaya na 'yan mintoci ta saki, in ya ci gaba ta dawo. Wannan alama ce ta cewa kitse ya ƙuntata jijiyoyin da ke kawo jini. Ya fi kama masu ciwon sukari da hawan jini da mashaya taba.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2013 cewa mutane miliyan 202 ne ke da wannan cuta a duniya a 2010, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki.

Gwajinsa ba shi da wahala. Ana auna jini a idon sawu da kuma a damtse, a raba na farko da na biyu. Idan sakamakon ya gaza 0.9, akwai ƙuntatar jijiya. Maganin farko shi ne barin taba, da daidaita sukari da hawan jini, da magungunan rage kitse, sannan da tafiyar motsa jiki bisa tsarin likita.

Sakaci a nan yana da tsada. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan masu gyambon ciwon sukari 336 a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya, ya gano cewa fiye da rabinsu suna da ƙuntatar jijiya, an yanke wa fiye da kashi ɗaya cikin uku wani sashe na ƙafa, kuma kimanin ɗaya cikin biyar ya rasu.

Ƙullewar tsoka da dare

Ƙullewar tsoka da ke tashin mutum daga barci, duk da azabarta, yawanci ba ta da hatsari. Miƙe ƙafa tare da jawo yatsu zuwa sama kan sake ta.

An daɗe ana shan kwinin saboda ita, amma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2006 da 2010 cewa illarsa ga jini da bugun zuciya ta fi amfaninsa a wannan fanni. Nazarce-nazarcen da aka tattara ba su nuna cewa ƙwayar magniziyam tana taimaka wa tsofaffi ba.

Rauni da ɗori

Mai ƙwallo da ya ji kamar an jefe shi a bayan diddige, ya kasa ɗage, mai yiwuwa agararsa ce ta tsinke. Wani gwaji a Norway da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa tiyata ba su fi waɗanda aka sa wa takalmin ɗauri samun sauƙi ba, sai dai sake tsinkewa ya fi yawa ga waɗanda ba a yi wa tiyatar ba.

Karayar ƙwauri kuwa tana da nata hatsarin. Tsokokin wurin suna cikin wata fata mai tauri da ba ta buɗewa. Idan kumburi ya yi yawa, ko aka tamke karan ɗori fiye da kima, jini yakan daina shiga, tsoka ta soma mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha wallafa rahotanni kan yanke gaɓɓai da irin wannan ɗauri ya haddasa.

Alamomin da ba a kwana da su

Likitoci suna ba da shawarar a garzaya asibiti idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman in da ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi ko tarin jini.

Haka ma idan ƙafa ta yi sanyi ta mutu farat ɗaya, ko zafi ya riƙa ƙaruwa bayan ɗori, ko kuma mai ciwon sukari ko amosanin jini ya ga miki a ƙafarsa ya ƙi warkewa.