Daga Neman Mai Laifi Zuwa Biyan Diyya: Tarihin Haƙƙin Wanda Hatsari Ya Rutsa Da Shi

Gabatarwa

Idan mota ta buge mutum a Maraɗi, ko Garwa, ko Njamena, dokar da za ta tantance haƙƙinsa tana da dogon tarihi wanda ya faro daga Faransa fiye da shekara ɗari biyu da suka shige. Tarihin ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: shin sai wanda ya ji rauni ya tabbatar da laifin wani kafin a biya shi, ko kuwa raunin da ya samu ya isa hujja?

Dokar 1804

A shekarar 1804, zamanin Napoleon, Faransa ta tattara dokokin mu'amala cikin kundi ɗaya. Sashe na 1382 na kundin ya ɗora wa duk wanda ya jawo wa wani ɓarna ta hanyar laifinsa alhakin gyara ta. Ƙa'idar ta dace da zamanin dawaki da keken shanu, lokacin da ake iya ganin mai laifi da ido. Da masana'antu suka yawaita, sai gazawarta ta fito fili. Idan inji ya yanke hannun lebura, shi ne zai kawo hujjar cewa mai masana'anta ya yi sakaci, alhali sau da yawa babu wanda ya san musabbabin hatsarin. Ta haka ma'aikata masu yawa suka rasa lafiya, suka rasa aiki, suka kuma tashi a tutar babu a gaban alƙali.

Tukunyar tururi da dokar 1898

Sauyi na farko ya zo ne daga kotu. Tukunyar tururin wani jirgin ruwa mai jan jirage ta fashe, ta halaka makanikinsa mai suna Teffaine. Bincike ya nuna aibi ne ɓoyayye tun daga wajen ƙira, don haka masu jirgin suka ce ba su da laifi. A ranar 16 ga Yuni, 1896, kotun ƙoli ta Faransa ta ba matar mamacin gaskiya. Ta dogara da wata jimla a sashe na 1384, wadda ta ce mutum yana da alhakin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya haddasa. Masana shari'a biyu, Raymond Saleilles da Louis Josserand, suka gina ra'ayi a kan wannan hukunci: wanda yake cin ribar abu mai haɗari shi ya kamata ya ɗauki asararsa. Bahaushe ya riga ya faɗi haka da ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Majalisa ta biyo baya. Bayan muhawarar shekara 18, wadda wani tsohon magini ɗan majalisa, Martin Nadaud, ya buɗe a 1880, aka zartar da dokar 9 ga Afrilu, 1898. Dokar ta wajabta wa mai masana'anta biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ba tare da neman mai laifi ba. Sai dai an ƙayyade abin da za a biya: wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi biyu cikin uku na albashinsa. Wato ma'aikaci ya sami tabbacin biya, amma ya haƙura da cikakkiyar diyya.

Zuwan mota

Mota ta sake tayar da tambayar. Wata babbar motar ɗaukar kaya ta wani kanti ta buge yarinya 'yar gidan Jand'heur, uwarta ta kai ƙara. Kotunan ƙasa suka ce tunda mutum ne yake tuƙa motar, sai an tabbatar da laifin direba. A ranar 13 ga Fabrairu, 1930, kotun ƙoli ta rushe wannan fahimta. Ta ce mai abin hawa ba zai kuɓuta ba don kawai ya nuna bai yi sakaci ba, sai ya tabbatar cewa wani dalili daga waje, wanda ba shi da iko a kansa, shi ya jawo hatsarin. Daga nan nauyin kawo hujja ya sauka daga kan wanda aka buge, ya hau kan mai mota.

Hukunci ba ya amfani idan wanda aka kama ba shi da abin biya, saboda haka Faransa ta wajabta inshorar mota a 1958. A ranar 5 ga Yuli, 1985, dokar da ake kira da sunan ministan shari'a Robert Badinter ta ƙara gaba: ta kare masu tafiya a ƙasa da fasinjoji, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 16 da tsofaffi da suka haura 70, ta kuma tilasta wa kamfanin inshora ya gabatar da tayin biya cikin wa'adi.

Isowarta Afirka

Mulkin mallaka ne ya kawo kundin 1804 zuwa Nijar, Kamaru da Chadi, kuma ƙasashen suka ci gaba da aiki da sassansa bayan samun 'yanci a 1960. Su kuwa al'ummar Hausawa, tun kafin zuwan Turawa sun san diyya daga shari'ar Musulunci, inda ake biyan kisan kuskure ko da ba a yi niyya ba, dangin mai kuskuren su haɗu su ɗauki nauyin.

A ranar 10 ga Yuli, 1992, ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA, mai hedkwata a Libreville. Kundin inshorarta ya fara aiki a 1995, kuma Nijar, Kamaru da Chadi duk suna ciki. Kundin ya ɗauki ruhin dokar 1985: wanda ba direba ba, ana biyan sa raunin jikinsa ko da ya yi kuskure, sai fa idan da gangan ya jefa kansa. Amma ya sa iyaka, domin ana lissafin diyya bisa jadawali da ma'aunin mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Cinikin 1898 ne ya sake dawowa: biya tabbatacce, amma ƙayyadadde.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna yadda doka ta janye hankalinta daga tuhumar direba ta mayar da shi kan jinyar wanda ya ji rauni. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar da aka saba jin dangi sun ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafe wa direba halin kirki ne, amma kuɗin diyya daga asusun kamfanin inshora suke fitowa, wanda tun farko don wannan rana aka biya shi. Iyalin da suka bar haƙƙinsu, kamfanin suka sauƙaƙa wa, su kuma suka zauna da kuɗin asibiti da rainon marayu.