Hanyar Gishiri ta Tenda: Daga Sawun Alfadari zuwa Sawun Keke

A wata kusurwa ta ƙasar Turai, inda duwatsun Alps suke gangarowa har gaɓar Bahar Rum, wato kan iyakar Faransa da Italiya, akwai wata hanyar burji da ta bi ƙololuwar duwatsu daga garin Limone zuwa ƙauyen Monesi, ba kwalta a kanta, ba gari a gefenta, kuma galibinta tana tsakanin mita 1,800 da 2,100 bisa teku. Idan bazarar ƙasar ta kama, ƙanƙara ta narke, sai ka ga mahaya keke daga ƙasashe dabam-dabam sun ɗaure jakunkuna a jikin kekunansu masu kaurin taya, suna bin ta a hankali, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinsu, har su gangara bakin teku ta wajen Bentimiliya. Sunan da aka laƙaba mata shi ne Hanyar Gishiri ta Bisa. Sunan yana da daɗi a baki, amma wanda ya bi diddigin tarihi zai tarar cewa al'amura biyu ne aka haɗa a cikinsa, ɗaya na fatauci, ɗaya na yaƙi, kuma kowanne ya bar alamarsa a jikin dutse.

Asalin maganar gishiri ne. Ƙasar Piyemonte, wadda take bayan duwatsun nan ta arewa, ƙasa ce ta noma da kiwo, amma Allah bai ba ta teku ba, alhali kuwa a zamanin da ba a san firji ba, nama ba ya ajiyuwa sai da gishiri, cuku ba ya yiwuwa sai da shi, dabba ma ba ta lafiya in ba ta lasa ba. Wanda ya san abin da kantun Bilma yake nufi ga makiyayi, da irin wahalar da ayari yake sha kafin ya iso da shi kasuwa, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Tun da birnin Nis ya shiga hannun sarakunan gidan Saboy, masu mulki a Piyemonte, a shekarar 1388, sai suka sami ƙofar da suka daɗe suna nema zuwa teku: jiragen ruwa su kawo gishiri daga wuraren da ake shanya ruwan teku, kamar gaɓar Iyer, a sauke a Nis, a auna, a ɗora wa alfadarai, su nufi Kuniyo da Turin. Harajin gishirin nan yana daga cikin manyan abubuwan da suka cika baitulmalin daular, domin sarki ne mai iko da cinikinsa, talaka kuwa ba shi da mafita sai ya saya.

Da farko ba ta mashigin dutsen Tenda fataken suka fi bi ba, saboda yana hannun wasu sarakunan gargajiya na gidan Laskaris, waɗanda suke tare hanya suna karɓar kuɗin fito yadda suka ga dama. Wannan ne ya sa a wajen shekarun 1430 wani attajiri da ya karɓi kwangilar harajin gishiri, mai suna Paganino dal Pozzo, ya kashe dukiyarsa wajen gyara wata hanya ta kwarin Bezubi, wadda har yau ake kira da sunansa. Sai bayan da aka mai da hedikwatar daular Turin a 1563, kuma ƙasar Tenda kanta ta shiga hannun Saboy a ƙarshen wannan ƙarni, sannan mashigin Tenda, mai tsayin mita 1,871, ya zama uwar hanya. Sarki Sharl Emanuwel na Ɗaya ya sa aka fasa ƙuncin kwarin Roya da hanyar take bi, har ya yi niyyar huda dutsen kansa a farkon ƙarni na 17, amma aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, aka bar shi. A shekarun 1780 ne aka faɗaɗa hanyar yadda keken doki zai iya bi, aka jera mata kwanoni fiye da 40 a fuskar kudu, ɗaya bisa ɗaya, kamar igiyar da aka naɗe a jikin bango. A watan Afrilu na 1787 Tomas Jefasan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya haye wannan mashigi a kan alfadari, yana neman sirrin shinkafar Piyemonte.

Littattafan tarihi sun kiyaye sunayen sarakuna da na baƙi irin wannan, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai korar alfadari, wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba sai dai watakila a littafin mai karɓar haraji. Shi ne yake tashi da asuba ya daidaita buhuna biyu a bayan dabbarsa don kada kaya su rinjaya a bakin rami, shi ne yake duban sama ya karanta hadari, shi ne kuma yake ratsa ƙanƙara da hunturu, domin bukatar gishiri ba ta san sanyi ba. A dawowa sai ya ɗauko alkama, ko shinkafa, ko tufafi. Kuma duk inda haraji ya yi nauyi, fasa-ƙwauri ba ya rasa hanya: mutanen ƙasar suna ba da labari cewa akan cika ganga da gishiri, a shimfiɗa ƙananan kifaye a bisa, a wuce gaban ma'aikata a matsayin mai tallar kifi, kuma wai ta haka ne wannan kifin ya shiga girkin mutanen da ba su da teku, har ya zama jigon wata miyarsu ta tafarnuwa da man zaitun da suke alfahari da ita.

Sai zamani ya juya. A 1860 aka ba Faransa birnin Nis, sakayyar taimakon da ta yi wajen haɗa kan Italiya, amma Tenda da maƙwabciyarta Briga suka zauna a hannun Italiya, don haka hanyar da ta kasance jijiyar daula guda ta koma bakin iyakar dauloli biyu masu zargin juna. A 1882 aka buɗe ramin da ya huda dutsen, mai tsawon fiye da kilomita 3, amalanke ya daina hawa bisa. A cikin wannan shekara kuma Italiya ta ƙulla ƙawance da Jamus da Ostiriya, Faransa ta zama abar tsoro. Cikin shekarun 1880 aka gina ribaɗai shida na dutse kewaye da mashigin, aka haɗa su da hanyoyi, sannan a zamanin Musolini, daga 1931, aka ƙara wani sabon jerin tsaro da sababbin hanyoyin soja a kan tsaunuka. Mafi yawan abin da mahaya keke suke bi a yau daga waɗannan ne, ba daga turbar fatake ba.

A nan ne hikimar al'amarin take. Injiniyan soja ba ya iya miƙe hanya tsaye kamar turbar akuya, domin igwa zai ja, da harsashi, da abincin dakaru, saboda haka dole ya kwantar da hawan, ya zagaya da shi, ya gina bango na dutse a inda ƙasa za ta zame, ya bar magudana don ruwa. Wanda ya tsaya a ɗaya daga kwanonin hanyoyin sojan nan ya duƙa zai ga duwatsun da aka sassaƙa da hannu aka jera baki da baki, ciyawa ta fito a tsakaninsu, suna riƙe da hanya bisa rami mai zurfi. Wannan sassaucin hawa da aka yi don igwa shi ne yake ba ƙafar mutum damar tuƙa keke da kaya har bisa, ba tare da ya sauka ya tura ba sai nadiran. Yaƙin da aka yi wa duk wannan tanadi kuwa, da ya zo a watan Yuni na 1940, makonni biyu kacal ya yi a wannan fage. Bisa yarjejeniyar Paris ta 1947 aka mai da Tenda da Briga ga Faransa, ribaɗan da aka gina don tsare Faransawa suka wayi gari a cikin ƙasarsu, rufinsu ya zube, tumaki suna kiwo a harabarsu.

Rashin amfani ne ya tsare hanyoyin daga kwalta, kuma ina ganin wannan alheri ne. Yanzu ana buɗe hanyar Limone zuwa Monesi watannin zafi kawai, mai mota ya biya kuɗi, kuma an keɓe wasu ranaku na mako ga masu keke da masu tafiya a ƙasa. Tun 2016 akwai wata tafiyar keke ta shekara-shekara daga Turin zuwa Nis, ta kimanin kilomita 700, wadda ba tsere ba ce, kowa da guzurinsa da kayan facinsa, kuma takan bi ta nan.

A farkon watan Oktoba na 2020 wata guguwa da aka sa wa suna Aleks ta zubar da ruwa a kwarin Roya irin wanda ba a saba gani ba, ta tafi da gadoji da gidaje da rayuka, ta yanke hanyar da take shiga ramin. Garin Tenda ya dogara ga jirgin ƙasa da jirgi mai saukar ungulu don samun abinci. Da ƙanƙara ta janye a shekarun da suka biyo, aka ba mazauna kwarin izinin hayewa ta bisa, suka koma suna hawan tsofaffin kwanonin nan ɗaya bayan ɗaya, a ƙaramar giya, zuwa wurin aiki da kasuwa a ɗaya gefen dutsen.