Daga Tashar Minna Zuwa Bakin Teku: Sawun Kakanninmu A Birnin Ikko

A duk lokacin da wani ɗanmu ya dawo daga Ikko, tambayar farko da ake yi masa a zaure ita ce, "Ka dai ga teku ko?" Sai ya fito da hotuna, ga shi a bakin ruwa, ga shi a kan gada, a yi ta sa masa albarka. To amma fa in ka tambaye shi ko ya ga wani abu da ya shafe mu a garin, sai ya yi zuru. Alhali kuwa da yawa daga wuraren da ake kai baƙi kallo a Ikko, akwai sawun Bahaushe a cikinsu, wasu ma akwai sawun Minna.

Mu fara daga gida. Garin nan ƙasar Gwarawa ce, kuma hanyar dogo ce ta tara mu a cikinsa. Turawa sun ja dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Minna har ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da wanda ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru, mahaɗar kuwa ita ce Minna. Kakanninmu, leburori da mahauta da 'yan koli da malamai, suka biyo dogon suka yada zango, ga jikokinsu nan a Limawa da sauran unguwanni. Watau dai jirgin da ya kawo mu nan shi ne ya fara kai mu bakin teku. A farko ma sai an yi fito da taragai a Jebba, domin ba a gama gadar ba sai 1916.

Matafiyi kan sauka a tashar Iddo, ya haye gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, ya shiga tsibirin Ikko. Daga nan kowa burinsa Bar Beach. Dattawanmu sun sha ba mu labarin yadda mutum kan tsaya nesa, ya naɗe ƙafar wando, yana kallon igiyar ruwa tana tasowa kamar za ta haɗiye gari, ya ɗanɗana ruwan ya ji gishiri, ya ce lallai gani ya kori ji. Wasu har a kwalba suke ɗebowa tsaraba. A wannan bakin ruwa ne kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, cikinsu har da Oyenusi a 1971. Yau wanda ya je neman Bar Beach ɗin iyayenmu ba zai same shi ba. Daga wajejen 2008 aka shiga cike wurin da yashi, aka kafa sabuwar unguwar masu hali da ake kira Eko Atlantic. Sai dai a hoto.

Abin da 'ya'yanmu ke wucewa ba su sani ba yana Obalende. A 1863 wani Bature mai suna Glover, wanda ke riƙe da mulkin Ikko, ya tara wasu 'yan Arewa, akasarinsu bayi da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya ba su bindigogi da kaki. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da su ya tafi yaƙin Ashanti a 1873, kuma rundunar sojan Nijeriya daga gare su take ƙirga asalinta. A Obalende aka zaunar da sojojin Hausawa daga baya, dab da inda barikin Dodan yake, inda shugabannin soja suka yi mulkin ƙasar nan shekara da shekaru.

Wannan tarihi ba mai daɗin faɗi ba ne, kuma ba za mu shafa masa zuma ba. Mutanen nan an kamo su ne daga ƙasarmu aka sayar Kudu. Wasu 'yan uwansu ma ba su tsaya a Ikko ba, ta nan da Badagry aka loda su a jiragen ruwa sai Birazil, inda Hausawa suka shirya wa masu bautar da su bore a Bahia tun a 1807. Waɗanda suka rage kuwa, Bature ya 'yanta su ya ɗora musu bindiga, kuma rundunar da ta tsiro daga irinsu ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Wa za ka zarga? Wanda aka sayar, ko wanda ya sayar? Mu dai a ganinmu gara yaro ya tsaya a Obalende ya ji wannan labari, ko da zai ɓata masa rai, da ya wuce yana tsammanin tashar mota ce kawai.

Wanda lokacin salla ya riske shi a tsibirin, ya nemi masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. Sarkin Musulmin Turkiyya ne ya ba mai ginin sarautar Bey saboda wannan aiki. Ɗan ƙarami ne in aka gwada shi da babban masallacin Juma'a da aka buɗe a 1988, amma ya girme shi nesa ba kusa ba.

Inda ya fi taɓa mu shi ne gidan adana kayan tarihi na Onikan, wanda aka kafa a 1957, ba nisa da dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Akwai gumakan Nok a ciki, da kayan Ife da na Bini, amma ɗan Arewa ba ya daɗewa a gabansu. Ƙafarsa sai ta kai shi wajen baƙar Marsandi ɗin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a Ikoyi, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis. Ga hudojin harsashi nan a jiki. Ku lissafa da mu: ranar 3 ga wannan wata ne ya yi shelar ƙirƙiro sababbin jihohi, ciki har da Neja mai hedikwata a Minna, ya kuma yanke cewa za a mayar da babban birnin tarayya Abuja. Kwana goma tal! Duk wanda a cikinmu ya sami aiki a sakatariya, ko ya gina shago saboda garin ya bunƙasa, to da sa hannun mutumin da ya rasu a kujerar bayan motar nan. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Gadar nan kuwa da matasa ke son ɗaukar hoto a kanta, ta uku mai haɗa tsibirin da babban yanki, mai tsawon kilomita 11.8, ɗan Minna ne ya buɗe ta a 1990, watau Janar Ibrahim Babangida. Shi ne kuma ya kwashe gwamnati daga Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba 1991.

Saura Agege, wadda babu mai sa ta cikin wuraren yawon buɗe ido. Da, fatakenmu kan yi watanni a ƙasa zuwa Gwanja neman goro. Da jirgin ruwa ya samu, sai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ɗauko shi daga gaɓar Gana zuwa Ikko, sannan dogo ya hauro da shi Arewa. Daga baya manoman Yarbawa suka dasa goron a kewayen Agege, Hausawa suka kafa zango, shanu na gangarawa huhunan goro na haurowa, kuma duk taragon da ya nufi Kano sai ya tsaya a tashar Minna. Akwai gidaje a unguwanninmu da ƙanin kakansu ya bi goro ya zauna can, aka daina jin ɗuriyar juna. Idan Allah ya nufi ƙungiya da wata tafiya Ikko, shawararmu ga shugabanni ita ce a ware yini guda, a kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawan Agege, kowa ya tafi da sunan kakansa a rubuce, a tambayi dattawan zangon ko akwai wanda ya san gidan.