Siffofin Addini a Kiɗan Bori da Matsayin 'Yan Daudu: Waiwayen Tarihi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda kiɗan bori ya ari siffofin addinin Musulunci, da kuma yadda 'yan daudu, wato mazan da ke kwaikwayon mata a magana da sana'a, suka sami mafaka a dandalinsa.

Bori Bayan Jihadi

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya yi hani da bori, kuma masarautun da aka kafa a ƙarƙashin tutarsa, ciki har da Katagum ta Malam Zaki, sun gaji wannan matsayi. Duk da haka bori bai mutu ba, sai dai ya sauya riga. A birnin iskoki na Jangare, sarkin aljanu shi ne Sulemanu, sunan da ke tuna wa mai sauraro Annabi Sulaiman (AS). Akwai kuma Malam Alhaji, wanda idan ya hau dokinsa, wato mutumin da ya kama, sai a ga ya duƙa yana tarin tsufa, yana jan carbi kamar malamin zaure. Makaɗan garaya da goge da masu buta kan kira kowane iska da takensa da kirarinsa. A. J. N. Tremearne a 1914 da Fremont Besmer a 1983 duk sun bayyana waɗannan iskoki.

'Yan Daudu a Dandali

Daudu kirari ne na Galadima, shi ya sa manazarta ke danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima, iskan nan ɗan sarki mai son ado da caca da kyauta. A gidajen mata masu zaman kansu da tashoshin mota, 'yan daudu kan dafa abincin sayarwa, a wajen wasa kuwa sukan yi rawa da liƙi. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa Allah Made Us (2009) cewa da yawansu suna salla da azumi, wasu sun je Makka, kuma sukan jingina halinsu ga halittar Allah. Malamai kuwa sun dogara da hadisin da ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mace, suka yi tir da al'adar.

Ƙuntatar Fage

Zamfara ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a 2000, Bauchi ta biyo baya a 2001, dokar ta game Azare da Sakwa da sauran ƙasar Katagum. A jihohin shari'a an rufe gidajen mata da dama, wasan bori ya koma bayan fage. A 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata, a 2014 kuma gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar haramta auren jinsi.

Kammalawa

An ga cewa lafazin addini ya yi aiki biyu: da shi makaɗan bori da 'yan daudu suka nemi gurbi a cikin al'umma, da shi kuma aka tuhume su. Da dandalin ya ƙuntata, taken iskoki da kirarinsu da salon maganar 'yan daudu sun shiga haɗarin ɓacewa kafin a taskace su. Wannan aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe.