Tafkin Iri: Tarihin Gansakuka Mai Dafi

Daga cikin manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, Tafkin Iri shi ne mafi ƙarancin zurfi, musamman sashensa na yamma, inda zurfin ruwan bai wuce mita bakwai zuwa takwas ba a yawancin wurare. Ruwa irin wannan rana tana ɗumama shi da wuri, iska kuma tana iya tayar da laka daga ƙarƙashinsa. Saboda haka duk abin da mutane suka zuba masa ba ya daɗewa bai bayyana a samansa ba.

Asalin matsalar ya faro ne a tudu. A da akwai wata ƙasaitacciyar fadama a arewa maso yammacin Jihar Ohayo, wadda Turawa suka kira Baƙar Fadama, ita ce take tace ruwan da ke gangarowa Kogin Momi kafin ya faɗa tafkin. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 aka haƙa magudanu aka tsane ta, ta koma gonakin masara. Sa'an nan birane irin su Ditiroit da Tolido suka bunƙasa, suna tura ƙazantar masai da ruwan garin sabulun wanki cikin tafkin. Duka waɗannan suna ɗauke da sinadarin fosfaras, watau abincin da gansakuka ta fi bukata. Kafin ƙarshen shekarun 1960 har jaridu sun fara cewa tafkin ya mutu.

A shekarar 1972 Shugaba Nikson da Firayim Minista Turudo suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsabtace manyan tafkunan. Aka inganta matatun ƙazanta, aka rage fosfaras a cikin sabulu, kuma a shekarun 1980 ruwan ya gyaru ƙwarai. Sai dai wannan nasara an same ta ne a kan bututu, abin da ma'aikacin hukuma zai iya zuwa ya auna ya ci tarar mai shi. Dubban gonaki kuwa ba su da baki ɗaya da za a toshe.

Daga tsakiyar shekarun 1990 gansakukar ta dawo. Wani abin mamaki shi ne, dabarar shuka ba tare da huɗa ba, wadda aka koya wa manoma don hana zaizayar ƙasa, tana cikin abubuwan da masana suke zargi, domin takin zamani yakan zauna a fuskar ƙasa, ruwan sama mai ƙarfi ya narkar da shi ya kai kogi. Yawan fosfaras ɗin da Momi ya kwaso daga Maris zuwa Yuli shi ne ke nuna girman gansakukar shekarar. Idan zafi ya yi, iska ta kwanta, sai nau'in da ake kira maikurosistis ya taso sama ya rufe ruwa kamar koren fenti, yana fitar da dafi mai lahanta hanta, wanda tafasa ruwa ba ta kawar da shi.

A farkon Agusta 2014 dafin ya shiga ruwan famfon Tolido, aka hana mutane kimanin 400,000 sha har kusan kwana uku. A 2016 ƙasashen biyu suka amince da burin rage fosfaras ɗin da ke shiga yammacin tafkin da kashi 40 cikin ɗari bisa ma'aunin 2008, amma yawancin matakan da suka shafi gonaki an bar su ga ganin damar manomi.