Yadda Lahanin Tsohon Hoto Ya Zama Abin Ado

A shekarar 1911 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Rasha, Sergei Prokudin-Gorsky, ya ɗauki hoton Sarkin Bukhara na ƙarshe, Muhammad Alim Khan, yana zaune da farin rawani da shuɗiyar riga mai zanen furanni, takobi a gefensa. Dabararsa ita ce ya ɗauki abu guda sau uku a jere a kan farantin gilashi, sau ɗaya ta cikin jan gilashi, sau ɗaya ta kore, sau ɗaya ta shuɗi. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sayi farantan a 1948, kuma a farkon wannan ƙarni aka haɗa su da kwamfuta, sai ga sarkin ya fito da launi garau kamar jiya aka ɗauke shi. Da yawa daga masu ganin hoton a karon farko sukan yi tababa, su ɗauka fenti aka yi masa daga baya. Ido ya riga ya saba da cewa zamanin da launin ƙasa gare shi, dishi-dishi, kusurwoyinsa da duhu.

Wannan sabon ido shi ne hajar da manhajojin gyaran hoto suke sayarwa a yau. Da taɓawa ɗaya, hoton walimar da aka ɗauka da safe sai ya koma tamkar an ciro shi daga akwatin kaka. Amma kowace alama daga cikin alamomin da ake ɗora masa tana da asali, kuma kusan dukkansu ciwon kai ne da masu sana'ar hoto suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman maganinsa.

Launin da aka yi don hoto ya daɗe

Tun da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, babbar damuwar masu ita ita ce koɗewa. Hoton baƙi da fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a kan takarda, ita kuwa azurfa ba ta shiri da danshi da gurɓatacciyar iska. A 1850 Louis Blanquart-Evrard ya fito da takardar da ake shafa wa farin ƙwai, wadda ta mamaye kasuwa har wajen ƙarshen ƙarni na 19, har masana'antun birnin Dresden na Jamus suka riƙa fasa miliyoyin ƙwai a shekara. Takardar tana fitar da hoto tar, sai dai farin ƙwan yakan rikiɗe rawaya da tsawon lokaci. Abin ya kai ga a 1855 Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto ta Landan ta kafa kwamiti don binciken dalilin koɗewar hotuna. Shawarar kwamitin ita ce a riƙa ɗauraye takarda sosai bayan wanki, a kuma tsoma ta a ruwan zinariya, abin da yake ba hoto launin ƙasa mai ratsin shunayya.

Daga baya aka sami hanya mai rahusa: a tsoma hoton a wani ruwa mai sinadarin farar wuta, wanda yake haɗuwa da azurfar ya mayar da ita wani abu da iska ba ta saurin ci. Sakamakon shi ne launin da Turawa suke kira sefiya, sunan da aka aro daga wata dabbar teku da masu zane suke samun tawada ruwan ƙasa daga jikinta. Mai hoto na wancan zamani yana rina aikinsa ne don ya kai ga jikoki bai lalace ba. Da yake hotunan da aka rina su ne suka fi jure wa shekaru, su ne suka fi isowa gare mu, sai launin kariya ya zama a idonmu launin tsufa.

Kyamarar talaka da rinin da ba ya zama

Sauran alamomin daga araha suka fito. A 1888 George Eastman na birnin Rochester ya fitar da kyamarar Kodak, ana sayar da ita dala 25 da fim na hoto 100 a cikinta. Hotunanta zagayayyu ne, domin gilashin idonta ba ya iya fitar da gefe da kyau, sai aka rufe gefen gaba ɗaya. A 1900 kyamarar Brownie ta zo a kan dala ɗaya, ta sa hoto a hannun yara da matan gida. Irin waɗannan kyamarori ne tushen duhun kusurwa da laushin gefe: gilashi mai arha yakan tara haske a tsakiya ya bar kusurwoyi da ƙaranci. Tsaki-tsakin da ake gani a fuskar tsohon hoto kuwa ƙwayoyin azurfar ne da kansu. Fim ɗin da zai iya ɗauka a wuri mai ƙarancin haske dole ƙwayoyinsa su zama manya, girmansu kuma ya bayyana a takarda.

Launi ya zo da nasa lahanin. Fim ɗin Kodachrome, wanda wasu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka ƙirƙira aka fitar a 1935, yana riƙe launinsa shekaru masu yawa idan aka ajiye shi a duhu. Amma hotunan takarda da iyalai suka riƙa karɓowa daga shagon wanki a shekarun 1960 da 1970 rini uku ne a jere: rawaya, da ja mai ruwan hoda, da shuɗi mai ratsin kore. Ukun nan ba tare suke koɗewa ba. Idan shuɗin ya riga gudu, sai hoton ya rinjayi ja ko ruwan lemo. Wannan jan da ake kira launin shekarun 1970, waɗanda suke cikin hoton ba su taɓa ganinsa ba a ranar da suka karɓo shi. Matsalar ta shafi har finafinan silima, inda a 1980 darakta Martin Scorsese ya jagoranci gangamin neman kamfanoni su gyara rinin da suke sayarwa.

Daga Biyana zuwa wayar hannu

Waɗanda suka fara mayar da lahani kwalliya da gangan ba da kwamfuta suka yi ba. A 1991 wasu ɗalibai daga birnin Biyana na Ostiriya suka ci karo da wata ƙaramar kyamarar Tarayyar Sobiyet mai suna Lomo LC-A a birnin Prague. Hotunanta na da kaifin launi da duhun kusurwa. A 1992 suka kafa ƙungiya a kanta, daga baya suka rungumi Holga, wata kyamarar roba ta Hong Kong wadda haske yake yoyo ta jikinta ya ƙona gefen fim. Har wankin fim da ruwan da ba nasa ba, wanda a da kuskuren ɗan koyo ne, ya zama salo.

A daidai lokacin, fasahar da za ta kashe fim tana girma, kuma a gidan Kodak aka haife ta. A 1975 injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Manhajar Photoshop ta fito a 1990. Zuwa 2008 Polaroid ya daina yin fim ɗinsa na nan-take, a 2009 Kodak ya sanar da ƙarshen Kodachrome, kuma shago na ƙarshe da yake wanke shi, Dwayne's Photo a jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen Disamban 2010.

A tsakanin waɗannan watanni ne kwaikwayon ya hau wayar hannu. Manhajar Hipstamatic ta fito a Disamban 2009, ta zo har da tatsuniyar wata kyamarar roba da wai aka ƙera a jihar Wisconsin a farkon shekarun 1980, wadda 'yan jarida suka nema ba su sami alamarta ba. Ranar 6 ga Oktoba 2010 Kevin Systrom da Mike Krieger suka buɗe Instagram. Hotunansa masu kusurwa huɗu daidai sun yi kama da na Polaroid da Instamatic, filtarsa ta farko, X-Pro II, kwaikwayon wankin fim da ruwan da ba nasa ba ce, akwai ma wata mai suna 1977. Akwai dalili na zahiri a ciki: kyamarar waya ta lokacin rarrauna ce, filtar kuwa tana lulluɓe rauninta da wani raunin da ido yake ganin girmansa. A Janairun 2012 Kodak, wanda ya taɓa ɗaukar ma'aikata sama da 140,000, ya nemi kariyar kotu saboda durƙushewa. Wata uku bayan haka Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya.

Abin da filta take yi

A cikin kwamfuta hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuma lambobi uku ne na ja, kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Baƙi ƙirin shi ne sifili a duka ukun. Mai son hoto ya tsufa sai ya ɗaga ƙasan ma'aunin, ta yadda baƙin da ya fi kowane duhu zai koma toka-toka, kamar takardar da ta sha rana. Sai ya rage kaifin launi, ya zuba rawaya a wuraren haske, ya ɗan sa kore ko shuɗi a inuwa. Bayan nan ya yayyafa ɗigon da ba su da tsari don kwaikwayon ƙwayar azurfa, ya duhunta kusurwoyi, wani lokaci ya ƙara ƙarce da yoyon haske. Abin da danshi da rana suke yi a shekara arba'in, lissafi yana yin sa a ƙiftawar ido. Sau da yawa kuma akan cakuɗa zamunna: launin ƙasa na 1900 da farin gefen Polaroid na 1972 a hoto guda, haɗin da babu wata kyamara da ta taɓa fitarwa.

Me ya sa mutane suke so? Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. A zamanin fim mai hoto 24 ko 36, sai abin da ya isa a tuna ake ɗauka, kuma sai wanda aka ga darajarsa ake ajiyewa. Koɗewa shaida ce ta cewa wani ya riƙe takardar nan shekara da shekaru. A lokacin da waya guda take ɗauke da dubban hotuna, filta hanya ce ta aro wa ɗaya daga cikinsu wannan daraja kafin ya cancance ta. Masanin zamantakewa Nathan Jurgenson ya yi irin wannan bayani a 2011, inda ya nuna cewa mai irin wannan hoto yana kallon yau ɗinsa ne tamkar ta riga ta zama tarihi.

Abubuwa biyu da aka gada tare da launin

Na farko ya shafi fata. Daga shekarun 1950, shagunan wankin hoto sun riƙa daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa daga cikin abin da ya tura kamfanin gyara yadda fim ɗinsa yake fitar da launuka masu duhu akwai ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako. Filtar da take kwaikwayon fim na wancan zamani tana iya dawo da wannan naƙasa, ta mayar da baƙar fuska toka-toka ko ta haɗiye ta cikin inuwa. Alhali ayyukan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da na Malick Sidibé, wanda ya karɓi babbar lambar yabo ta baje-kolin Venice a 2007, sun nuna cewa gwanayen Afirka ta Yamma sun san yadda ake haska baƙar fata. Hotunan da aka sake wankewa daga ainihin fim ɗinsu tar suke, ana iya ƙirga zaren atamfa.

Na biyu ya shafi shaida. A Nuwamban 2010 jaridar New York Times ta buga a shafinta na farko hotunan sojojin Amurka a arewacin Afghanistan da Damon Winter ya ɗauka da Hipstamatic. Da aikin ya zo na uku a wata babbar gasar hotunan jarida a 2011, sai gardama ta tashi. Masu suka suka ce manhaja ce ta zaɓa wa yaƙin launi, ta sa yaƙin da ake cikinsa ya yi kama da wanda ya riga ya wuce. Winter ya kare kansa da cewa bai ƙara ko ya cire komai daga abin da ya gani ba, kuma zaɓen manhaja bai bambanta da zaɓen fim ba.

Gardamar ta fi ƙarfin aikin jarida. A da, mai adana kayan tarihi yana gane shekarun hoto daga irin takardarsa, da hatimin shagon da yake bayansa, da yadda ya koɗe. Hoton da yake yawo a WhatsApp da sunan wani sarki ko wata kasuwa ta shekara ɗari ba shi da baya balle hatimi, kuma bayanan ranar ɗauka da waya take ɓoyewa a cikinsa manhajojin sada zumunta sukan goge su. Har kwanan watan da tsofaffin kyamarori suke bugawa a kusurwa ana ƙirƙira: manhajar Huji Cam takan buga shekarar 1998 a hoton yau. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya tambayi a hannun wa ainihin takardar ko fim ɗin yake, ya kuma duba abin da yake cikin hoton, irin mota, da ɗinkin riga, da rubutun allon shago.

Kwaikwayon kuma bai tsaya a fim ba. A 'yan shekarun nan matasa sun koma neman ƙananan kyamarorin dijital na farkon shekarun 2000, saboda farin walƙiyarsu mai kashe ido da gurɓin launinsu, wato ainihin abin da masu filtar 2010 suke ƙoƙarin ɓoyewa. Shekara ashirin ta ishi kowane lahani ya sami masoya.